Aji Shida Ko Bakwai

Gumel,
9 ga Janairu, 1974.

Zuwa ga Malama Rabi'atu, jikar ƙanwar kakana, wadda tun da ta sha ruwan Zariya ta manta hanyar gida.

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, da barka da Sallah ko da ta wuce. Ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki Malam Ya'u da yara. Mu nan lafiya lau, sai mai ɗakina Mairo da ta yi fama da ciwon ido, amma ya yi sauƙi. Ragon layya bana kada ki tambaye ni. Abin da fari da rashin ruwan nan suka bar mana muka yanka, ko ke mai kwaɗayin nama sai kin tausaya masa.

Bayan haka, na je Garin Ɗantsoho na gano Goggo Zinariya. Jikinta da ƙwari, bakinta ma yana nan yadda kika san shi. Amma rijiyar garin ta kusa kasawa. Guga yakan fito da rabi, rabin ma laka. Gida huɗu sun riga sun tashi sun yi kudu, Maigari kuma ya ce in bazara ta kama ba a ga sauyi ba, kowa ya nemi inda zai nufa. Goggo ta ce ita a nan aka binne mijinta, ba inda za ta. Kin san matar nan ita ta goya ni bayan rasuwar Inna, ke ma Allah kaɗai ya san kwanon furarta nawa kika shanye lokacin hutu. Tun da na dawo hankalina bai kwanta ba.

Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. An ba wasu 'yan kwangila aikin rijiyoyin burtsatse, injin haƙarsu zai shigo ƙasarmu, amma rijiya biyar kacal ce rabonmu kafin ya wuce gaba. Tun kaka nake yawo da igiya ina auna zurfin rijiyoyin ƙauyuka a ƙasar Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar. Injiniyansu ya ce shi ba zai zauna karanta tarin lambobi ba. Jadawali yake so, a raba rijiyoyin aji-aji bisa zurfinsu, a rubuta guda nawa suka faɗa kowane aji. Ajin da ya fi zurfi, ƙauyukansa za a haƙa wa. Shugabana Malam Barau ya turo mini takardun, ya ce ai ni na auno, sai in ƙarasa ladana.

Su hamsin da takwas ne, kuma ba kansu ɗaya ba, wasu sun kusa ninka wasu sau uku. An ce in raba su aji-aji kafin farkon Maris. Aji nawa ya kamata in yi? Ke ce malamar lissafi, yau dai karatun naki ya yi wa dangi rana. Na ba wani direban babbar mota wannan takarda, don ya ce gobe yana Zariya.

Naki, abokin wasanki kuma ubangidanki,
Ilu.

*

Zariya,
24 ga Janairu, 1974.

Zuwa ga Ilu mai guga.

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, Malam yana gaishe ka, yara suna gaida Mairo. Ki sanya mata kwalli, au, ka sanya mata, na manta da namiji nake magana. Ubangidan wa? Ka ce ƙanwa, alhali kakata ce ta yi wa kakanka wankan jarirai a labarin da na ji, saboda haka ka iya bakinka.

Direbanka da ya ce gobe, sai shekaranjiya ya iso. Ya zaro takardar daga akwatin kayan gyaransa, baƙin mai ya cinye tsakiyarta ƙurmus. Na karanta gaisuwa, na karanta labarin Goggo har zuwa inda ka yi mini gorin fura, daga nan sai baƙi, sai layukan ƙarshe. Na ɗaga ta a rana, na sa ta jikin fitila, ban ga komai ba.

Labarin rijiyar nan ya tsaya mini a rai. Yanzu wa ke ɗebo wa Goggo ruwa? Ka gaya mini gaskiya, kada ka rage. In abin ya yi tsanani ka ɗauko ta ko tana zagi, ɗakina a buɗe yake.

Sai maganar azuzuwa. Ashe an fitar da kai daga rijiya an kai ka makaranta! Na ji ana ta shirin buɗe firamare a ƙauyuka, amma ban zaci neman malamai ya kai har a kamo ka ba. Allah ya ji ƙan yaran. To, hamsin da takwas, aji biyu za ka yi. Tunda ka ce wasu sun ninka wasu, kada ka raba su daidai wa daida, ka ware manya gefe, ƙanana gefe, in ba haka ba manyan za su danne su. Wanda hannunsa bai zagaya kai ya taɓo kunne ba, ka mayar wa uwarsa sai baɗi.

Ka rubuto da wuri, kuma ta gidan waya.

Taka,
Rabi'atu.

*

Gumel,
4 ga Fabrairu, 1974.

Zuwa ga Rabi.

Gaisuwa da fatan alheri. Muna lafiya, idon Mairo ya washe. Goggo tana nan, matar Maigari ce ke raba mata tulu ɗaya kullum, da shi take sha, take girki, take alwala. Na yi mata maganar Zariya, ta ce in gaya miki ta gode, amma ita ba kaya ba ce.

Da na karanta takardarki na yi dariya har Malam Barau ya leƙo, daga baya kuma dariyar ta koma mini ciki, don kusan wata guda ke nan ya tafi a banza. Rabi, ba yara ba ne. Rijiyoyi ne! Rijiya ba ta da kunnen da za ta taɓo. Injin burtsatse ne zai zo, rijiya biyar zai haƙa, kuma injiniya ya ce in raba rijiyoyinmu hamsin da takwas aji-aji bisa zurfi, ajin ƙarshe mafi zurfi shi ne zai samu.

Da igiya ɗaya na auna duka, mai ƙulli a kowace gaba, wato tsawon hannu biyu a buɗe. Mafi kusa gaba goma sha huɗu ce. Mafi zurfi arba'in da ɗaya, a Kukar Cindo, wani ƙauyen Fulani can bayan Sule Tankarkar dab da iyaka, masu noma da 'yan shanu. Igiyata gaba arba'in ce, ta ƙare ba ta taɓa ruwa ba, sai da Ardonsu, wani dattijo mai suna Sajo, ya warware rawaninsa muka ɗaura muka ƙara. Takarkari ke ja musu guga, sai ya yi tafiya har ya kusa ɓace wa ido kafin guga ya fito. Na ce wa Ardo a duk ƙasar nan ban ga mai zurfin tasu ba, kuma masu zurfi za a haƙa wa. Ya yi murmushi ya ce ashe dai akwai abin da suka fi kowa.

Na gwada da kaina kafin in dame ki. Da na yi aji uku, sai ajin ƙarshe ya kwashi ƙauyuka kusan ashirin, abin ya zama ba a raba komai ba. Da na yi aji ashirin, sai wani aji rijiya ɗaya, wani babu ko ɗaya, jadawalin ya zama kamar bakin tsohuwa. Malam Barau ya duba ya ce in wannan ne gara a miƙa wa mutumin lambobin yadda suke. Na san amsar tana tsakani, amma tsakanin da faɗi.

Akwai ƙa'ida a littattafanku? In akwai ki faɗa mini ita da Hausa, kin san Turancina a aji uku na sakandare ya tsaya. Ta Garin Ɗantsoho gaba talatin da bakwai ce. Na faɗa miki ne kawai don ki sani.

Naki,
Ilu.

*

Zariya,
15 ga Fabrairu, 1974.

Zuwa ga Ilu.

Sallama da gaisuwa. Lafiya muke, sai ƙaramin da haƙori ya sa shi zawo, shi ya sa za ka ga rubutun nan a karkace, da hannu ɗaya nake yi. Na ji kunyar maganar makaranta, amma laifin direbanka ne, kuma har yanzu ina ganin yaran sun tsallake rijiya da baya.

Ƙa'ida akwai, har ta yi yawa. Abin da ka gano da kanka shi ne tushenta. In aji ya yi kaɗan, sai ya haɗiye bambanci. In ya yi yawa, sai kowa ya tsaya shi kaɗai, ba ka ga siffar abin ba. Malamanmu sukan ce kada a kasa biyar, kada a wuce goma sha biyar.

Ga wadda za ka iya yi da yatsu. Ka fara da biyu ka yi ta ninkawa: biyu, huɗu, takwas, sha shida, talatin da biyu, sittin da huɗu. Ka tsaya inda ka kai ko ka wuce yawan abin da ka auna. Yatsa nawa ka lanƙwasa? Shida. To wani littafin ya ce aji shida ke nan. Wani kuma, wanda aka koya mana a kwaleji, lissafinsa yakan ƙara ɗaya a kai, ya ba ka bakwai ga rijiya hamsin da takwas. In ka tsai da yawan aji, sai ka raba tazarar da ke tsakanin mafi kusa da mafi zurfi da shi, ka sami faɗin kowane aji. Duk su zama faɗi ɗaya, kuma kada wata rijiya ta sami gurbi biyu.

Saboda haka shida ko bakwai. Wanda duk ka ɗauka, littafi ba zai kama ka ba.

Amma ka yi duka biyun a takarda ka aiko mini in gani, musamman rijiya nawa ke faɗawa ajin ƙarshe a kowanne. Wannan layin naka na ƙarshe, na talatin da bakwai, na karanta shi ya fi sau nawa. Na san ka, ba ka faɗin abu don a sani kawai.

Yaron ya farka. Ka gaida Mairo, in ka je wurin Goggo ka ce ina nan ina yi mata addu'a.

Rabi'atu.

*

Gumel,
25 ga Fabrairu, 1974.

Zuwa ga Rabi, tare da gaisuwa, da yi wa yaro sannu. Allah ya sa haƙoran su fito lafiya, kada dai su yi tsawon na uwarsa. Mu lafiya, sai zafi da ya fara tun kafin lokacinsa.

Na gode, Allah ya ƙara ilimi. Na lanƙwasa yatsu a ofis har masinja ya zaci tasbihi nake yi. Ga abin da ya fito.

In bakwai ne, daga sha huɗu zuwa arba'in da ɗaya ya rabu cif, gaba huɗu-huɗu. Ajin ƙarshe talatin da takwas zuwa arba'in da ɗaya. Rijiya biyar ne a ciki, daidai da abin da injin zai haƙa. Garin Ɗantsoho ba ya ciki. Gaba ɗaya tak ta hana shi.

In shida ne, faɗin gaba biyar-biyar, na fara daga sha biyu. Ajin ƙarshe talatin da bakwai zuwa arba'in da ɗaya. Rijiya tara ne a ciki, don akwai huɗu masu talatin da bakwai, ta Goggo tana cikinsu.

Ranar Juma'a na sake komawa can. Rabi, ba ki ga garin ba. Mata suna zaune a bakin rijiya da tuluna a jere, ana jira ruwa ya taru, in an ja guga uku sai a sake zama. Gidan su Kyauta da kuke wasan 'yar tsana, an cire ƙofar an tafi da ita. Goggo ta rame, wuyanta duk jijiya. Ta daina wanka sai ran Juma'a, ita da kika sani da tsabta. Da zan tafi ta riƙe mini hannun riga ta ce, "Ilu, an ce kai ne mai rubuta sunayen garuruwan da za a ba ruwa." Na ce ba haka abin yake ba, Goggo, lissafi ne. Ta ce, "To, ai kai ke lissafin."

Na yi ta auna abin. Gaba ɗaya mece ce? Ran da na auna tasu da safe ne, ruwa ya kwana ya taru. Da da yamma na je, wa ya sani ko talatin da takwas zan samu? Kuma in na yi shida ban cire kowa ba, biyar ɗin nan suna nan a ajinsu, ƙari kawai na yi. Wataƙila in injiniya ya ga tara ya nemo mana ƙarin rijiyoyi. Ba ƙarya zan rubuta ba, ko lamba ɗaya ban taɓa ba. Ke da kanki kin ce wanda duk na ɗauka littafi ba zai kama ni ba, wannan magana ta sanyaya mini rai ƙwarai.

Duk da haka ga takardu biyu a gabana, na kasa sa hannu a ɗaya. Abinci ma ba ya shiga, Mairo har ta fara tambaya ko wani abu ta yi mini. An ce injiniya zai zo makon farko na Maris. Ki ce mini wani abu kafin nan.

Ilu.

*

Zariya,
6 ga Maris, 1974.

Ilu,

Gaisuwa a taƙaice, muna lafiya, yaro ya warke. Yau takardarka ta zo, a tsaye na karanta ta, a tsaye nake ba ka amsa, Malam zai kai gidan waya yanzu.

Kada ka miƙa shida. Don Allah kada ka miƙa.

Na ce littafi ba zai kama ka ba, ban ce ka ɗauki wanda ranka ke so ba. Laifina ne da na bar maganar a haka, da na san inda za ka jingina ta da ban rubuta ba. Ƙa'idodin nan an yi su ne don mai son ya ga siffar abu. Kai kuwa jadawalinka ba kallo za a yi da shi ba, rabo za a yi. Da ya kamata a tsai da yawan ajin tun kafin ka duba inda ta Goggo za ta faɗa, yanzu kuwa ka riga ka gani.

Ka ce ba ka cire kowa ba. Ka sake dubawa. Da zarar rijiya ta shiga aji, lambarta ta ɓace. Mutumin nan ba zai ga arba'in da ɗaya ba, ba zai ga talatin da bakwai ba, tara kawai zai gani, duk kansu ɗaya. Ramuka biyar gare shi. Dole ya zubar da huɗu, kuma tunda ka shafe masa zurfi, da wani abu daban zai zaɓa. Ka san da me? Ni ban sani ba, kai ma ba ka sani ba, abin da ke tayar mini da hankali ke nan.

Sannan me ya kai ka farawa daga sha biyu, alhali ba ka da rijiya mai sha biyu? In ka fara daga sha huɗu, ko a aji shidan ma na ƙarshe talatin da tara ne zuwa sama. Kai ma ka san dalili, ba sai na faɗa ba.

Kada ka zaci ba na jin Goggo. Na karanta maganar wankanta na shiga ɗaki na yi kuka. Da ni ce a kujerarka ban san abin da hannuna zai rubuta ba, daga Zariya faɗa yana da sauƙi. Amma dattijon nan da ya ba ka rawaninsa, kai ka gaya masa masu zurfi za a haƙa wa.

Ka miƙa bakwai. Ka rubuta a ƙasa cewa akwai ƙauyuka huɗu da gaba ɗaya ta raba su da ajin ƙarshe, a taimaka a duba su. In kuwa ka riga ka miƙa shida, ka bi mutumin da lambobin tara ɗin ɗaya bayan ɗaya, ko a mota yake ka tsai da shi. Goggo kuma mu san yadda za mu yi da ita, ko jaki ne mu nema mata mai kawo ruwa daga wani gari.

Ka ba ni amsa ran da wannan ta same ka.

Rabi'atu.

*

Zariya,
2 ga Afrilu, 1974.

Zuwa ga Ilu.

Ina gaisuwa, ina fatan lafiya ce ta sa shiru. Mu nan ƙalau.

Kullum sai na aiki a duba akwatin makaranta, har masu raba wasiƙu sun fara yi mini dariya. Ko takardata ba ta zo ba? Ko ta zo ka yi fushi? In zafin maganata ne, ka yi haƙuri, ka san tun muna yara bakina ya riga hankalina. In kuma wani abu ne ya sami Goggo kuke ɓoye mini, wallahi ba zan yafe muku ba.

Na tambayi wasu 'yan Gumel a tasha, ɗaya ya ce ya ga manyan motoci da dogon ƙarfe sun yi wajen Gagarawa, ɗaya ya ce shi bai ga komai ba. Ban san wanda zan kama ba.

Ko layi biyu ne ka rubuto. Ba sai ka yi wasa ba, ba sai ka yi doguwar gaisuwa ba.

Rabi'atu.

*

Gumel,
28 ga Afrilu, 1974.

Zuwa ga 'yar'uwata Rabi'atu.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da Malam da yara. Muna lafiya. Goggo lafiyarta ƙalau, ki kwantar da hankalinki ta wannan wajen. Takardunki biyu duk sun zo, ba fushi na yi ba. Na sha ɗaukar alƙalami ina ajiyewa.

Shida na miƙa. Injiniya ya riga takardarki zuwa da kwana biyu. Ba zan fake da gidan waya ba, don ko da ta zo a kan lokaci ban san abin da zan yi ba. Ya duba jadawalin ya yaba, ya ce aiki ya yi tsabta. Ya sa yatsa a kan tara, ya ce a ba shi sunayensu, ya shimfiɗa taswira. Motocinsa masu nauyi ne, yashi yana cinye musu taya. Sai ya zaɓi biyar da suka fi kusa da hanya mai ƙarfi. Ina tsaye a wurin. Na buɗe baki na ce ai zurfinsu ba ɗaya ba ne, ya ce aji ɗaya ne ko ba aji ɗaya ba? Na ce aji ɗaya ne.

Da takardarki ta zo na kwashi lambobin na kai wa Malam Barau. Ya ce an riga an sa hannu a Kano, an yi odar bututu daidai wuraren. Ya ce da biyar ɗin ne kawai a ajin, da dole 'yan kwangilar su shimfiɗa ƙarafa a kan yashin su shiga, don sun yi haka a wata ƙasar. Bai san abin da ya sa nake tambaya ba, ni kuma ban gaya masa ba.

Uku daga masu talatin da bakwai sun samu. Daga biyar masu zurfin gaske, biyu. Kukar Cindo ba ta ciki.

A Garin Ɗantsoho aka fara haƙawa. Ruwa ya fito bayan Mauludi. Rabi, da kin ga garin ran nan! Yara suna ta birgima a cikin taɓo, mata suna guɗa, Maigari ya aika a gaya wa waɗanda suka tashi su dawo, gida biyu har sun dawo. Goggo ta yi wanka da rana tsaka, ta ɗaura zanenta na saƙi, ta zauna a ƙofar gida duk wanda ya wuce sai ta ce masa ɗanta ne ya kawo. Ta ɗebo a ƙoƙo ta ba ni da hannunta. Na sha, ruwan da daɗi, kuma na yi murna, ba zan ɓoye miki ba. Har yanzu in na tuna fuskarta sai in ji daɗi, daga nan sai abin ya juye mini.

Ranar Alhamis da ta wuce aiki ya kai ni kasuwar Maigatari. Ina ratsa kara sai na ji an ce, "Malam mai igiya!" Ardo Sajo ne. Ya kawo shanu uku, ƙashi da fata, dillalai ko kallonsu ba sa yi. Na so in ɓace cikin mutane, amma ya riga ya kama hannuna da hannu biyu.

Muka gaisa, ya tambayi iyali. Ya ce rijiyarsu ta ƙafe tun farkon watan jiya, takarkarin da ke ja ma ya mutu. Sun yi ta jiran injin, kullum ana hawa kuka ana duba hanya, har suka ji labarin ya yi wajen Gagarawa. Sai ya ce, "Malam, ashe an sami waɗanda suka fi mu zurfi?"

Na ce, "A'a, Ardo. Taku ce mafi zurfi."

Ya zuba mini ido, yana jira in ƙarasa. Rabi, duk bayanin da kika koya mini yana bakina, na ninkawa da na faɗin aji, ban ga ta inda zan fara ba. Na ce masa yashi ne ya hana motoci shiga. Ya gyaɗa kai, ya ce gaskiya ne, yashinsu ba kyau, ko raƙumi yana shan wuya.

Ya ce sun yanke shawara za su tashi gaba ɗaya bayan kasuwa mai zuwa, su yi kudu, gida goma sha ɗaya, har da tsofaffi. Gonakin sai wanda Allah ya ba. Hanyarsu ta Gagarawa za ta bi, kuma ya ji an ce akwai wani gari can da aka yi wa sabon famfo, ruwa har yana malala.

"An ce kana da uwa a garin," in ji shi. "Ko za ka yi mana magana da Maigarinsu, su bar mu mu sauka kwana biyu a bayan gari, mu shayar da abin da ya rage mana? Ba za mu dame su ba. Sai sun gama ɗiba mu ɗiba."

Na ce zan yi magana. Ya yi ta godiya yana sa mini albarka, ya kira mutanensa da ke wurin ya nuna ni, ya ce, "Ga malamin da na gaya muku, mai kirki." Dattijon nan ya girmi mahaifina, Rabi, sai da ya durƙusa.

Gobe zan tafi Garin Ɗantsoho in ga Maigari.

Naki,
Ilu.